Na Farko Daga Dama

Har gobe ban manta da ranar da na goge littafin mahaifin Malam Bawa da yatsa ɗaya ba.

Lokacin ina akawu a wata sakandare a Bukkuyum. Kwamfutarmu ɗaya ce, ta tsufa, ta daina buɗewa sosai. Injiniya Sanusi, mai duba mana ita daga Gummi, ya aiko da faifai ya ce a sa mata Linux, manhajar da ake bayarwa kyauta, kowa na iya gyara ta. Damina ta ɓata hanya, sai ya ce zai riƙa gaya mini ta waya.

Kwana biyu muna fama. Faifan ya ƙi tashi; da ya tashi, janareta ya mutu. Malam Bawa, mataimakin shugaban makaranta, yana zaune gefena. Damuwarsa ɗaya ce: hotunan littafin ajami da mahaifinsa ya rubuta kan asalin gidansu. Gara ta cinye takardun, hotunan da ke cikin kwamfutar kaɗai suka rage.

Rana ta uku muka iso wurin goge tsohuwar manhaja, don sabuwa ta samu wuri. Ma'ajiyar kwamfuta kashi biyu ce, kamar rumbu mai ɗaki biyu: ɗaya na tsohuwar manhaja, ɗaya na ajiyarmu. Ga su jere, gefe da gefe.

Injiniya ya ce, "Malam Isa, goge na hwarko, ka bar na biyu."

Na ce, "Na hwarko dai?"

"Shi. Yi maza, sabis na tahiya."

Ni da allo na fara karatu, idona daga dama yake fara ƙirga. Na yi bisimilla na danna.

Da manhajar ta hau muka yi hamdala. Malam Bawa ya ce, "To, buɗe muna littahin Baba." Na duba ko'ina, babu. Na kira Injiniya.

"Wanne kag goge?"

"Na dama."

Ya ce, "Innalillahi. Malam, kwamfuta ba ta yi makarantar allo ba."

Da hanya ta bushe ya zo ya gwada. Sabuwar manhaja ta riga ta zauna a wurin. Shafi uku ya ceto.

Malam Bawa bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ƙaddara ce, Isa." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ku masu tasowa, ku kwafe ajiyar mutane kafin ku taɓa komai. In an ce na farko, ku tambaya: daga ina? Malam Bawa ya yi ƙoƙarin sake rubuta kakanninsa da ka. A na huɗu ya tsaya, kuma babu sauran wanda zai tambaya.