Takalmina a Gindin Mitar Tela

Abin nan ya faru ne shekarar da maigidana Alhaji ya rasu, damina ɗaya bayan an zuba kwalta a bakin layinmu, kafin a rushe tsohon soron mai unguwa a yi shaguna. Shekarar ce kuma ɗiyar tela maƙwabcinmu ta taho gida wankan haihuwar fari. Yaron da ta haifa ga shi nan yanzu har ya fara gemu.

Gidanmu a Gobarau yake, ginin ƙasa ne tun na kakannin Alhaji. Bango ɗaya muka haɗa da gidan tela. Ta wajenmu gindin famfo ne, ta wajensu kau ɗaki. Mu muka fara jawo famfo a layin nan, ba cika baki ba ne, a tambayi kowa. Shekara da shekaru a tsakar gidana mata ke ɗibar ruwa, ina zaune bisa kujera ina cewa wance matsa, wance ki jira. Daga baya su tela suka jawo nasu, aka dasa mitar ruwansu dab da tamu, a ɗan rami ɗaya tsakanin ƙofofin biyu, can waje.

Ni ban taɓa leƙa ramin ba. Akwai ranar da Alhaji ya ce mani, "Taho in nuna maki inda ake kashe ruwan nan, rai ba shi da tabbas."

Na ce, "Alhaji, ni da ƙofar gida da rana tsaka? Kai dai ka riƙa kashewa."

Ya yi dariya ya ce, "To, ranki ya daɗe." Maganar ba ta sake tashi ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Takabata irin ta uwata na yi. Ba kwalli, ba turare, murya ƙasa-ƙasa, tafiya a hankali, 'yar wuƙata kusa da ni. Mata in sun zo gaisuwa sai su fita suna cewa takabar Hajiya ita ce takaba, ba irin ta 'yan zamani ba. Ina ji, kuma yana yi mani daɗi. Na san malamai sun ce mai takaba na iya fita in lalura ta kama. Ni dai na ɗaura wa raina cewa ba namijin da zai ga ko ɗan yatsan ƙafata har in fita takaba.

Bazara ce, an kwana biyu ba a kawo ruwa ba. Ɗiyata da ke taya ni zama ta tafi Ƙofar Kwaya ta dubo 'ya'yanta, ta ce sai la'asar. Da hantsi na ji famfo yana tari, sai kuma ihun mata ta kowace katanga: an kawo, an kawo! Ya zo da ƙarfi irin wanda ban taɓa gani ba. Ina miƙewa in tara bokiti sai na ga ba ta bakin famfon yake fita ba. Bututun ne ya fashe daidai inda ya ratsa ƙarƙashin bango, ruwa na tsartuwa cikin gindin ginin.

Na cusa tsumma, ya turo shi. Na naɗa robar taya, ta zame. Na mirgino turmi na danne, ruwan ya kewaye turmin ya ci gaba da abinsa. Tsakar gida ta yi ja jawur, bango yana ta sha, duhun laima yana hawa bisa. Wanda ya tashi a ginin ƙasa ya san abin da wannan ke nufi. Bayan bangon nan kau mai jego ce kwance da jaririnta, har kukansa ina ji.

Matar tela ta ɗaga murya ta bisa katanga, tana cikin murna don za ta cika duron wankan jego. "Hajiya, barka da arziki! Kin tara kuwa?"

Ruwa na idon sawuna. Na ce, "Na tara."

Kalma ɗaya ta isa a lokacin. Amma in na faɗa, za ta turo tela, tela ya taho da mai gyaran famfo, 'yan majalisa su biyo baya, su ishe ni da jiƙaƙƙen zane. Kuma a ji a gari cewa matar da ta shayar da layi ba ta san inda ake kashe ruwan gidanta ba. Sai na ce bari in kashe da kaina. Matsalar ita ce mazan unguwa a ƙofar tela suke zama, ƙarƙashin dalbejiya, ramin mita na gabansu. Na ce to, in jira su tafi masallaci.

Tun hantsi na jira har azahar. Ina tsaye ina kallon bango ina sauraren hirarsu.

Da aka kira salla na ji takalma sun yi masallaci. Liman na tada kabbara na zura hijabi na fita. Rana ta mare ni, rabona da waje tun ranar da aka fita da Alhaji. Ruwan da ya biyo magudanarmu ya maida bakin ramin taɓo. Na durƙusa. Mita biyu ne, kowace da ɗan ƙarfen da ake murɗawa a gefenta. An yi rubutu da fenti a bango bisa kowace, amma ni ban yi boko ba. Ɗaya ta yi tsatsa ta yi baƙi, ɗaya tana ƙyalli. Na ce a raina, Alhaji ba zai bar kayansa da tsatsa ba, mai kyan nan ita ce tamu. Ko kaɗan bai zo mani ba cewa wanda ya riga jawo ruwa shi ke da tsohuwar mita.

Na murɗa mai ƙyallin har ta ƙi motsi. Sai na ji liman ya yi sallama. Na zabura, taɓo ya riƙe takalmina na hagu, na bar mashi na faɗa zaure da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Na ishe ruwa yana zuba kamar yadda na bar shi. Na ce ragowar cikin bututu ce, yanzu zai tsaya. Sai muryar matar tela: "Kai, jama'a! Har sun ɗauke? Ko rabin duro na biyu ban yi ba. Hajiya, naki ma ya tsaya?"

Nan na gane abin da na yi. Na kashe wa mai jego ruwan wankanta, na bar nawa yana cin ɗakin da take ciki. Maza sun dawo ƙofa, ba halin in sake fita. Ta sake kira, "Hajiya?" Wallahi ban amsa ba. Na tsaya da hannuna a baki.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Abin da na sani, yaɓe ya ɓantaro ya faɗi gabana, tsaga ta buɗe daga gindin bangon ta miƙe bisa, jaririn ya canyara kuka ta cikinta kamar a ɗakina yake. Muryar da na yi wata biyu ina dannewa sai ga ta ta fito gaba ɗaya.

"Ku fito da yarinyar nan! Ku ɗauko yaron! Bango zai faɗi! Ku fito!"

Na ji gudu, na ji kwanuka na faɗuwa, na ji matar tela na salati tana jan ɗiyarta. Ba su gama isa tsakiyar gida ba bangon ya zauna. Ba da ƙara sosai ba, da wani nishi ne kawai. Rabinsa ya kwanta bisa gadon da suka tashi.

Maza suka kwararo gidan tela. Ƙura na lafawa sai ga ni ga su, ba komai tsakaninmu. Ina tsaye cikin taɓo, zane ya manne mani, ƙafa ɗaya ba takalmi. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Subhanallahi, ku juya, mai takaba ce." Duk suka juya mani baya. Da zagina suka yi da ya fi mani sauƙi.

Tela ya ruga waje, ruwan ya tsaya nan take.

Bayan la'asar matar tela ta tsallako ta kan ɓaraguzai da takalmina a hannu, ta wanke shi tas. Ta aje gabana ta zauna a bakin tabarma tana ɗan murmushi.

"Hajiya, ga takalminki. A gindin mitarmu maigidana ya tsince shi, tamu a kashe, taki a buɗe. Da kin ce ruwan namu ne ya tsone maki ido, ai da na aiko maki da shi a bokiti."

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Yaron fa?"

"Yana barci. Shi ko a jikinsa."

Na ce, "Ke 'yar nan, tun hantsi bututun ya fashe."

Ta gyara zama. Can ta ce, "Na sani. Ni ma a ginin ƙasa aka haife ni, bango ba ya faɗuwa da jiƙon ɗan lokaci. Kuma na tambaye ki har sau biyu." Ba ta yi murmushi ba a wannan karon. Ta miƙe ta ce, "Amma muryarki ce ta fidda su. Mu bar shi a nan."

An tada bangon da bulo kafin damina. Ranar da na fita takaba, mata na cike da gida, ta ja hannuna har ƙofa da rana tsaka, ta durƙusar da ni gaban ramin, ta ɗora tafina bisa mai tsatsar. Ta ce, "Murɗa." Na murɗa. Ta ce, "Buɗe." Na buɗe. 'Yan majalisa suka yi kamar ba su gani ba.

Tela ya rasu, liman ya rasu, dattijon da ya ce a juya shi ma ya daɗe da tafiya. Matar tela na nan, ido ya yi rauni amma baki bai mutu ba. Ɗiyarta na gidan mijinta da 'ya'ya reras. Yaron kan shigo ya durƙusa ya gaishe ni in ya zo wajen kakarsa, ya ce, "Hajiya, ina wuni." Ina amsawa, ina sa mashi albarka, amma har yau ƙasa nake kallo.