Jininta Ne Ke Cin Ta

Ran nan mu biyar ne a ɗakin asibiti: ni, da ƙanwata bisa gado, da mijinta manomin Jiratawa, da lokotoro, da majo, ma'aikacin jinya mai yi mana tafinta. Lokacin jam'iyyu sun cika gari, yajin aiki kuma bai ƙarewa.

Huka, ciwon sarƙewar numfashi, ta daɗe da kama ƙanwata. A shekarar sai ga tabo baƙi-baƙi a ƙafafunta, yatsunta suka mace. Lokotoro ya duba, ya yi Faransancinsa. Majo ya ce, "Ana zaton jininta ne ke cin ta."

Iyayenmu sun rasu, ba ta haihu ba. Duk duniya ni kaɗai ce jininta. A wurinmu kuwa, in an ce wani na cin wani, maita ake nufi. Mijin ya sunkuyar da kai. Na san in maganar ta isa Jiratawa a haka, na bar ganin ƙanwata ke nan.

Na ce, "Majo, dube ni. Ni na goye ta. Yaushe na ci ta?"

Ya riƙe baki. "Subhanallahi, Inna! Jinin jijiya nake faɗi." Ya ce jini na da masu gadi da ke korar cuta. Wani lokaci sai su ruɗe su hau masu gida da duka, su ƙuntata ƙirji, su kumbura jijiyoyi. Su za a nema a kwalbar jininta da za a aika Yamai. In an same su, an san maganin da za a ba ta.

Ƙanwata ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Yaya, ai ke ce! Gadi da duka."

"Rufe baki ki ja numfashi," na ce, ina shafa mata baya.

Mijin bai yi dariya ba. Na lura. Da la'asar ya koma gida shi kaɗai, kuma na san ba ya ɓoye wa uwarsa komai.

Da safe na bar ƙanwata hannun maƙwabciyata, na hau motar farko ta Jiratawa. Na iske surukar tana tankaɗe. Na gaishe ta yadda ya kamata, na ce ta kira matan gidan duka. Na zauna na faɗa musu maganar majo tun daga farko, sau biyu, sannan na sa mijin ya maimaita da bakinsa.