Yadda Reino Salmela Ya Yanke Dogonsa

Ka taɓa gina wani abu da hannunka, ka ƙawata shi, ka kewaye kanka da shi, har wata rana ya hana ka shiga? Ni na san wanda hakan ta faru da shi, kuma a tebur ɗaya muke shan kofi kowace Asabar da safe.

Sunansa Reino Salmela. Gyaran motocin makaranta ya yi a garinmu na arewacin Minnesota har ya ajiye aiki. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma in ka tambaye shi abu sai ya gama goge hannunsa da tsumma kafin ka ji amsa, ko da hannun babu datti. Mahaifinsa mahaƙin tama ne. Shi Reino bai taɓa aikin jirgin ƙasa ba ko na yini guda, amma a ɗakin da ke ƙarƙashin gidansa yana da kamfanin jirgi sukutum, da dogo da tasha da gari da mahaƙa, kowane abu an rage girmansa sau tamanin da bakwai. Mutumin garin nan bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba.

Ni sana'ata sayar da kayan famfo, kuma ba na ganin abu ban ƙirga shi ba. Saboda haka ina iya gaya maka cewa taragunsa casa'in da shida ne, gine-gine arba'in da uku, itatuwa dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu. Itatuwan nan babu wanda ya saya. Da kaka yake tsinto busassun ciyayi a gefen hanya, ya tsoma su a gam, ya barbaɗa musu niƙaƙƙen soso da ya rina kore. Duwatsun kuwa ragar waya ce da tsofaffin jaridu da aka jiƙa a ruwan farar ƙasa. Jar ƙasar da ke bakin mahaƙar ta gaske ce, daga tsohon ramin da mahaifinsa ya yi aiki ya ɗebo ta a bokiti, ya tankaɗe da rariyar garin matarsa Verna. Har yau in an yi zancen rariyar nan sai ta harare shi.

A cikinmu masu wannan harka, mai dogo Shugaba ake ce masa, tunda kamfanin nasa ne. Matarsa kuma ita ce Hukumar Filaye, domin ba a ƙara ko taku ɗaya na dogo sai da izninta. Reino da falanki guda ya fara, kusa da na'urar ɗumama gida. Bangon yamma ya same shi ne bayan ya yi wa Verna sababbin kantoci a kicin. Kusurwar wanki kuwa sai da ya hau da injin wankin sama ya haɗa masa famfo, a nan ma muka san juna. Haka dogon ya yi ta bin bango, gari a nan, daji a can, mahaƙa daga hagun ƙofa, har bakinsa biyu suka zo suna kallon juna a gindin matakala.

Da ya haɗa su da gada, sai dogon ya zama zobe, jirgi na iya zagaye ɗakin ba tsayawa. Amma ƙofa ta toshe. Duk mai son shiga tsakiya, inda maɓallan tuƙi da teburin aiki suke, dole ya duƙa ya bi ta ƙarƙashin gadar. Inci arba'in da biyu ne daga ƙasa, na auna. Irin wannan wuri Sunkuya muke ce masa, kuma kusan kowane gidan mai dogo akwai shi, kowa kuma yana da ƙulu a tsakar ka da zai nuna maka shaida.

A kan gadar nan aka buga ƙusar ƙarshe. Al'adarmu ce, ranar da zobe ya haɗu a shafa wa ƙusa ɗaya ruwan zinariya, a tara abokai, Shugaba ya buga ta. Ƙusar ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ta Reino tana nan a tsakiyar Sunkuya tun 'ya'yansa suna makaranta.

To, bara da hunturu ya zame a kan ƙanƙara a bakin gidan waya. Aka yi masa aiki, aka sa masa kwatangwalon ƙarfe. Ya warke, yana tafiya da sanda, amma likita ta ce duƙawa irin ta da ta ƙare. Ma'ana Reino ba zai sake shiga cikin abin da ya gina ba, muddin gadar nan tana wurin.

Da farko mun mai da abin wasa. Muka sa masa kujera a gindin matakala, ni da Norm Zupancic, tsohon direban motar kwashe ƙanƙara wanda muke Asabar tare, muka shiga ciki muna tuƙi, shi yana ba da umarni ta saman gada.

"Norm, rage gudu. Tama ka ɗauko, ba mai naƙuda ba."

"Shugaba, in ba ka son tuƙina zo ka karɓa."

"Na kore ka."

"Ka kore ni tun makon jiya. Burodin Verna ne ya dawo da ni."

Amma wasan bai daɗe ba. Tarago ya goce a bayan dutse, yana hangen sa, hannunsa ba ya kaiwa. Rufin cocin garin ya ɓalle, sai dai ya kwatanta mini yadda zan manna, ni kuwa na zuba gam ya yi yawa. Ya goge hannunsa da tsumma kawai.

Ni ba na iya zama da matsala. Na zo da tef ɗin awo na gama lissafi tsaf. A yanka gadar a gefe biyu, a sa mata maƙalan ƙyaure guda biyu, ƙusoshin murɗawa takwas, wayoyi huɗu, ta riƙa ɗagawa kamar murfin akwati. Ya wuce a tsaye, a sauke ta, jirgi ya ci gaba da zagayensa. Aikin yamma ɗaya ne.

"A'a," in ji Reino.

"Me ya sa?"

"Katako yana kumbura da zafi. Bakin dogon ba zai riƙa haɗuwa daidai ba. Kuma wata rana wani zai bar ta a ɗage, kan jirgi ya faɗo kan siminti. Tambayi Norm."

"Sau ɗaya ne," in ji Norm, "kuma a gidana ne, kuma jirgina ne."

Na ce akwai maganin wannan, a sa maɓallin da zai yanke wuta da zarar an ɗaga gadar. Ya ce a'a. Na kawo wata dabara, ya ce a'a. Daga nan ya daina saukowa gaba ɗaya. Mukan zo Asabar mu sha kofi a kicin, a yi zancen kamun kifi da farashin mai, ƙofar ɗakin ƙasa a rufe.

Verna ce ta tare ni a bakin mota wata Asabar.

"Dwight, ka daina kawo masa zane. Ya fi ka sanin yadda ake sa maƙali."

"To mene ne?"

"Ban sani ba duka. Na dai san tun da ya buga ƙusar nan bai taɓa cire ko sanda ɗaya daga hanyar ba. Yakan kunna jirgi ya hauro cin abinci, muna jin sa a ƙarƙashin ƙafafunmu yana zagaye. Yanzu ka ce ya sa masa zarto." Ta gyara rigar sanyinta. "Ni da zai sauka ya hauro da fara'a, har ɗakin ajiyar gwangwanayena zan ba shi. Kada ka gaya masa na faɗa."

Sai da ƙanƙara ta fara narkewa, rannan muna gama kofi ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya ce mu sauka. Ƙura ta kwanta a kan rufin gidajen. Ya zauna a kujerarsa ya ce in shiga in tayar da jirgin tama. Na goge dogon, na haɗa taragu goma sha takwas a mahaƙa, na sake shi. Ya bi ta daji, ya wuce gari, ya hau gada a gaban hancin Reino, ya koma mahaƙa, ya sake fita. Muka bi shi da kallo.

"Dwight," in ji shi, "kai da ba ka barin komai ba ka ƙirga ba. Cikin taragun nan, guda nawa suka taɓa isa tafki?"

Babu tafki a ɗakin. Bai taɓa gina shi ba.

"Ko ɗaya," na ce.

"Ko ɗaya. Babana in ya cika tarago, tafiya yake yi tafki a juye shi a jirgin ruwa, ya dawo wayam. Tamar da ya haƙa bai sake ganinta ba. Ni kuwa tawa kullum tana dawo mini." Ya nuna gadar da sandarsa. "Tun ina kwance nake tunanin nan. A ciki kana tsaye jirgi yana wuce ka, sai ka ga kamar wani wuri za shi. Da kuka zaunar da ni a nan waje na ga ashe ba inda yake zuwa."

"To in kawo maƙalan?" na ce.

"Kawo zarto. Ba ɗagawa za ta riƙa yi ba, fita za ta yi."

Norm ya ce, "Shugaba, ka san in ka cire ta babu sauran zagaye?"

"Na sani, Norm. Ni na gina."

Shi da kansa ya yanka, a tsaye daga waje, mu biyu muna riƙe da gadar daga ciki. Kafin nan ya sa filaya ya zare ƙusar zinariyar, ya rasa inda zai ajiye ta. Verna da ke tsaye a matakala ta miƙo hannu ta ce Hukumar Filaye ta ƙwace, ta jefa ta aljihun rigar girkinta. Da katakon ya rabu muka janye shi gefe, Reino ya dafa sandarsa ya shiga a miƙe. Inci talatin da biyu ne faɗin wurin. Bai tsaya jawabi ba, kai tsaye ya nufi cocin nan ya fara kankare gam ɗin da na zuba.

Abin da ya biyo baya shi ne gini mafi kyau da na taɓa ganin ya yi. Bakin dogon na dama ya mai da shi tashar jiragen ruwa, doguwar gada mai tsayi da taragu ke hawa su zubar da tama ta ƙasa. Ƙafafunta ɗari biyu da goma sha biyu, kowace ya yanka ta daga siririn katako ya rina ta baƙi. Ruwan kuwa falanki ne ya shafa wa shuɗi mai duhu, ya bi shi da man ƙyalli shafi a kan shafi har sai da ƙafafun gadar suka riƙa ganin kansu a ciki. A bakin hagu ya faɗaɗa filin mahaƙa, ya sa faifan juya kan jirgi, tunda yanzu duk jirgin da ya je dole ya juyo. Gibin da ke tsakani muka sa masa suna Tafki. Duk baƙon da ya zo, Reino sai ya ce masa ya ɗage wando kada ya jiƙe.

Ba zan ce babu asara ba. Yanzu jirgi ba ya tafiya shi kaɗai. Sai mutum ya tsaya a kansa tun daga lodi har juyewa, in ka yi sakaci ya zarce ƙarshen gada ya faɗo. Norm yana ta mita wai an mai da hutunsa aiki. Verna ta ce gidan ya yi shiru lokacin cin abinci, har yanzu takan tsaya da cokali a hannu tana sauraren ƙasa. Shi ma Reino na taɓa ganin ya kai jirgi tasha, ya tsaya yana kallon ɗaya bakin ta tsallaken gibin, ya daɗe. Na tambaye shi ko yana da-na-sani.

Ya goge hannunsa. "Wani lokaci. Miƙo mini wancan burushin."

Yanzu jirgin ruwan yake ginawa, tsawonsa ya kusa kamu huɗu, kuma ya riga ya fara yi wa ɗakin gwangwanayen Verna wani irin kallo.

Kai ma gwada mana. Ba sai kana da ɗaki guda ba, falanki ɗaya a jikin bango ya isa. Ka sa wuri a wannan baki, ka sa wani a wancan, ka yanke shawarar abin da mutanen nan suke da shi wanda mutanen can suke jira. Sai ka shimfiɗa dogo a tsakani, ka ɗora tarago ko guda uku ne, ka kai musu da kanka.