Fuskar da Na Ce a Nuna

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan mujalla. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko maka ina girgiza kai, ina cewa wane bai kyauta ba. Yau ga nawa, ku ma ku girgiza. Ba zan faɗi sunan kowa ba, har nawa.

A tsakiyar shekarun tamanin ni malami ne a sashen koyon aikin jarida na wata babbar makaranta a Sakkwato. Gidanmu gidan ma'aikata ne kaka da kakanni, albashi muka sani da takarda da hatimi, babu wanda ya taɓa sayar da ko allura. Na yi kwas na wata tara a Ingila kan harkar fim, na dawo ina jin kamar ni na ƙera kyamara. Kwat nake sawa a zafin Sakkwato, gumi na bin bayana, ina ganin ado ne. Aikin da nake ba ɗaliban shekarar ƙarshe shi ne kowa ya shirya mabuɗin fim, wato minti biyar na farkon labari mai tayar da hankali, irin wanda ke sa mai kallo ya manta da tuwon da ke gabansa. Wanda ya faɗi wannan aikin ba ya samun takardar kammalawa. Kyamara ɗaya makarantar ke da ita, ƙatuwa mai nauyi, ɗalibai na karɓa bi da bi, ni kuma in bi su inda suka ɗauka in duba. Takardar ba da makin da nake amfani da ita daga Ingila na zo da ita, ban canja mata ko wasali ba.

Cikin ɗalibaina akwai wani ɗan Illela, ɗan gidan fatake, mai shekara ashirin da 'yan kai. Ba ya yawan magana, amma ido gare shi. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, baffansa ne ya riƙe shi, shi ne kuma ya tsaya kai da fata sai ya yi boko, alhali sauran 'ya'yan gidan duk kasuwa suka bi. A lokacin an rufe iyaka, ga shi rabin danginsu suna Illela rabi suna Ƙonni, kuma cinikin da ke ciyar da su tsakanin garuruwan biyu yake. Saboda haka raƙuman baffan kan bi ta bayan gari da gero da wake, su dawo da dabino da kanwa. Ba da dare suke tafiya ba, da tsakar rana suke bi, lokacin da rana ta take kowa ya nemi inuwa. Duk garin an san da haka, amma ko a majalisa ba a ambaton hanyar, ko maƙiyinka ne ba ka nuna inda raƙuminsa ke bi. Ni ma na san wannan, don yayana babban ma'aikaci ne a ƙaramar hukumar, a gidansa nake sauka. Na sani kamar yadda mutum kan san sunan tauraro, bai taɓa shafar cikina ba.

Gidan yayana na cikin 'yan gidajen da ke da bidiyo da janareto, nan ɗalibin ya kawo mini kaset ɗinsa. Abin da na gani har yau yana idona. Ƙafafun raƙuma cikin rairayi, hannun wani tsoho yana ƙara ɗaure igiyar taiki, inuwar mutum huɗu a ƙasa. Babu kiɗa, babu magana. Can sai ƙarar babur daga nesa, tsohon ya ɗaga hannu, komai ya tsaya cak, har raƙumin da ke tuƙa ya daina. Ƙarar tana matsowa, tana matsowa, sai hoton ya ɗauke. Wallahi abin ya kama ni, har na gaya masa haka. Amma duk minti biyar ɗin daga baya ya ɗauki mutanen, ko daga gwiwa zuwa ƙasa, ba fuska ko ɗaya, ba itace ko dutse da zai gaya maka inda ake. Takardata kuwa ta ware maki masu yawa ga abu biyu: hoton da ke nuna wurin da labari ke faruwa, da fuskar jarumi kurkusa lokacin da tsoro ya kama shi. Na ja layi biyu, na ce masa ya faɗi.

Bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai ya ce mini, da harshensu, wai mutanen nan ba 'yan wasa ba ne, baffanai ne da yayyenai, kuma tahiyar gaske ce suka bari ya bi su. Ya ce in yi haƙuri in bar kaza cikin gashinta, tunda ni kaina na ce abin ya kama ni. Ni kuwa na gyara zama na yi masa lacca, na ce kyamarar da ke tsoron fuska matsoraciya ce, kuma ba ɗan Illela ne zai canja ƙa'idar da Turawa suka zauna suka tsara ba. Na ba shi kwana bakwai ya sake, in ba haka ba ya maimaita shekara. Na san baffansa ba zai iya ɗaukar nauyin wata shekarar ba, shi ya sa ma na faɗa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, aka yi mini sallama. Baffan ne da kansa, dogon tsoho mai tsage uku a kowane kunci, ya zo da ƙullin dabino da cuku. Muka gaisa, ya ce yaronsa ya gaya masa malaminsa na son ganin huskarsa, shi bai gane mi huskar tsoho za ta ƙara ma karatu ba, amma in ita ce tsakanin yaron da takardarsa, to ga ta. Abu ɗaya ya roƙa: ni kaɗai in kalla, in na gama a goge kaset ɗin, don hanyar ba tasa ba ce shi ɗaya, gidaje da yawa ke ci da ita. Na ba shi hannu, ya riƙe da hannu biyu, na ce masa ya ɗauka an gama. Ya ce shi bai san takarda ba, hannun nan shi ne takardarsa. Na ci dabinon a ranar, yana da daɗi.

Kaset na biyu ya cika duk abin da takardata ke so. Ya buɗe da wata kuka mai rassa biyu kusa da tsohuwar rijiya, can bayan ƙauyen Lafani, sannan ayarin ya ɓullo ta gefenta. Da ƙarar babur ta taso, kyamara ta matsa kan fuskar tsohon, tsagen kuncinsa, gumin da ke gangarowa daga rawani, idon da ke neman inda ƙarar take. Na kalla ni kaɗai kamar yadda na yi alkawari, na ba yaron makin da ban taɓa ba wani ɗalibi ba. Da a nan na goge kaset ɗin, da ban rubuto maka wannan wasiƙa ba.

Washegari Juma'a ce. Bayan an sauko masallaci abokan yayana suka taru cin abinci kamar yadda suka saba, duk manyan ma'aikata. Aka fara tsokanata, wani ya ce gwamnati ta tura ni Ingila in koyo kallon sinima, wani ya raɗa mini suna malamin kallo, aka yi ta dariya har da yayana. Raina ya ɓaci. Na tashi na sa aka tayar da janareto, na ce bari su ga abin da malamin kallo ke koyarwa. Na tuna da hannun tsohon, ban manta ba, kada wani ya yi mini uzurin mantuwa. Cewa na yi a raina minti biyar ne kawai. Falon ya yi tsit, da aka gama suka tafa. Sai wani daga cikinsu, wanda aikinsa tsaron iyaka ne, ya ce in mayar da shi wurin kukar nan. Na mayar. Ya ce in sake, na sake. Ya ce in tsayar a kan fuskar tsohon, na tsayar, na miƙe tsaye ina nuna masa da cokali yadda haske ya faɗa kan tsagen, ina bayanin dalilin da ya sa na dage sai an nuna fuska. Ya gyaɗa kai ya ce lallai na iya aikina. Na ji daɗin maganar ƙwarai.

Ba a yi kwana goma ba aka tare ayarin a gindin kukar, da rana tsaka. Aka kama raƙuma da kaya, aka tafi da tsohon da 'ya'yansa biyu. Mai tsaron iyakar aikinsa ya yi, ba ni da abin cewa a kansa. Hanyar ta mutu, gidajen da ke ci da ita suka shiga wani hali, kuma kafin ranar kasuwa labari ya gama gari cewa a talabijin aka ga ayarin. Kowa ya san wanda ya bi su da kyamara. Ba wanda ya ambaci sunana, wa zai ambaci ƙanen babban ma'aikaci? Yaron aka kira ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, shi aka daina amsa wa sallama, shi matan gidansu suka ce boko ya sayar da su. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja wannan ruwan ina cikin ofis da fanka, wani ya doka.

Ɗalibin ya same ni a ofishina a Sakkwato, ya rame. Bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi, wai wa ya kalli kaset ɗin bayan ni. A nan ne na yi abin da ya fi na farko muni. Na dube shi na ce ban sani ba, wataƙila wani ne ya ɗauka a ofis, ko kuma an daɗe ana bin sawunsu. Na ƙara da yi masa albishir da makinsa, kamar mai ba da goron sallah. Ya daɗe yana kallona, ya ce ya gode, ya fita. Bai zauna jarrabawar ƙarshe ba, takardar da aka nuna fuskar tsoho saboda ita bai taɓa karɓarta ba. Na ji an ce baffan ya fito bayan wasu watanni ba lafiya, ya ce kada yaron ya ƙara taka masa zaure, yaron kuma ya tsallaka Ƙonni. Ni kuwa shekara ta zagayo aka ƙara mini girma.

Bayan shekara huɗu na koma Illela, an buɗe iyaka, ina buƙatar ƙaramin hoto don takardar tsallakawa. Na shiga wani ɗan shagon hoto kusa da tasha, sai ga ɗalibina a bayan kyamara, ashe ya dawo. Kafin in juya ya riga ya gan ni. Ya gaishe ni da ladabi kamar jiya muka rabu, ya kakkaɓe mini kujera. Na tambayi baffansa, ya ce ya rasu bara, kuma har ya koma ga Allah bai sake yi masa magana ba, shi kuwa daga nesa ya tsaya aka yi jana'iza. Ga dama ta samu in faɗi gaskiya, shago ba kowa sai mu biyu, amma ta'aziyya kawai na yi. Na zauna kaina a ƙasa. Ya leƙa cikin kyamara, ya fito, ya zo ya sa yatsa biyu ƙarƙashin haɓata ya ɗaga a hankali. Ya ce, Malam, ɗaga huskarka ta hito sosai, ai kai ka koya muna. A nan na tabbatar ya sani tun ranar da ya tsaya a ofishina.

Yanzu na tsufa, na bar aiki, na yi ta neman sa daga baya ban same shi ba. Abin da nake so in gaya wa malamai 'yan'uwana shi ne, idan ɗalibi ya bar wani abu a rufe, ku tambayi dalili kafin ku ja jan biro, domin yana iya sanin abin da takardarku ba ta sani ba. Maki a hannunku iko ne, kuma yaron da ke tsoron faɗuwa zai kawo muku har abin da bai kamata ya fita daga gidansu ba. Ku kuma masu karɓar amana, ku ji tsoron majalisar abokai fiye da maƙiyi, ni ba a doke ni ba, ba a ba ni ko sisi ba, dariya kawai aka yi mini na sayar da hannun tsoho. Idan kuma kun riga kun yi ɓarnar, ku faɗa tun wanda kuka cuta yana gabanku, kada ku bari sai kun rasa wanda za ku gaya wa sai mujalla.

Hoton da ya ɗauke ni yana nan cikin akwatina. Fuskata ta fito tar, haske ya zauna daidai, har gumin goshina ana gani, da idon mutumin da ke neman inda zai ɓuya. Na sha ɗauko shi in duba da tsohuwar takardata, ban taɓa samun inda zan rage masa maki ko ɗaya ba.