Ranar da Yaya Ya Kwashe Giyar Baba

Jiya a gareji aka buɗe galan ɗin jan man giyar mota kusa da ni, warin ya buge ni, sai ga ni a tsakar gidanmu na Rafin Guza ina 'yar firamare. In ba ka tashi a gidan makanike ba, ba za ka gane ba. Mu har a tuwo muna jin sa.

Babanmu gyaran giyar otomatik yake yi, tun lokacin da makanikai da yawa ke tsoron buɗe ta. A gida yake aikin, don bai yarda da hannun kowa ba. Can cikin giyar akwai wani curin ƙarafa masu haƙora: ɗaya a tsakiya, ƙanana suna zagaya shi, sai wani ƙaton zobe mai haƙora ta ciki ya rungume su duka. Tsakaninsu ga siraran zobban ƙarfe da ake kira washa, kowace da kaurinta, ga wasu ƙarafa kamar allurai. Baba tabarma yake shimfiɗawa, duk abin da ya ciro ya jera shi bi da bi, in ya tashi haɗawa ya faro daga ƙarshe. Jerin nan shi ne ƙwaƙwalwarsa. Kaza in ta bi ta kai, ranar miya ta yi daɗi. Mu kuwa duka da fanbel ɗin mota ne rabonmu.

Babban yayana ne kaɗai aka yarda ya tsuguna kusa, don shi zai gaji sana'ar. Yatsunsa dogaye, allurar da ta gagari Baba shi ke zaunar da ita.

Wata rana a tsakiyar damina Baba ya baje giyar wani direba, ya fita sayen kaya. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara watsa yashi kan tabarmar. Yashi ko ruwa in ya shiga haƙoran nan, aiki ya lalace. Yaya ya ruga, ya kama bakin tabarmar ya juye komai cikin daron wanki, ya shige ɗaki da shi.

Baba ya dawo jiƙe sharkaf, ya tarar da fili wayam.

"Wa ya taɓa min tabarma?"

"Ni ne, Baba. Ruwa ne ya..."

Mari ya katse shi. Sai fanbel, a baya, a wuya, a fuska. Yaya ya faɗi cikin taɓo, Baba ya bi shi da ƙafa. Da fanbel ɗin ya suɓuce masa, Baba ya faɗa ɗaki ya zura hannu cikin daron ya ciro zoben nan mai nauyi, ya fito ya kai masa duka da shi. Yaya ya kare kansa da hannun dama. Wallahi har yau ina jin ƙarar, ƙas, kamar an karya rake. Inna ta fito a guje ta kife a kansa tana ihu: "Kashe shi za ka yi? To haɗa da ni!" Jini na bin ruwan sama har bakin rariya.

Baba ya kwana biyu yana gwada washa ɗaya bayan ɗaya, giyar ta haɗu, direba ya ja motarsa yana godiya. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, amma yatsu uku na Yaya sun ƙage. Bai sake riƙe sifana ba.

Yanzu ba kowa ke wahalar buɗe giya ba, ta gwanjo 'yar Baljiyam ake saya a ɗaura. Yaya kayan miya yake sayarwa a Rigachikun. Da Baba ya tsufa ya kwanta, shi ya ɗauke shi zuwa gidansa, da wannan hannun ya riƙa ba shi kunu har ya rasu. In 'ya'yansa suka tambayi abin da ya sami yatsunsa, sai ya ce hatsarin gareji ne. Inna ma ta rasu. Ni kaɗai na rage da na gani da idona, kuma Allah ya sani, ni ban yafe ba.