Sadakar Labaran Ɗan Bama

Ku gyara zama in ba ku labarin Ɗalhatu, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Al Quoz da ke Dubai.

Mahaifinsa, Labaran, soja ne da Turawa suka kai yaƙin Bama. Yakan ce har an gaya musu su shirya wani sabon gumurzu, sai labari ya zo an jefa wa Japan makamin ƙare dangi, yaƙi ya mutu. Da ya dawo Gusau ya yi alkawari: duk watan Agusta zai yanka rago ya yi sadakar godiya. Da ajali ya matso, ya bar wa Ɗalhatu wasiyyar kada ta yanke.

Ba ta yanke ba, har a Dubai. Agusta kuwa lokacin da aiki ya fi yi masa yawa ke nan, amma sai ya nemi Juma'a guda, ya sayo nama, ya dafa shinkafa tukunya biyu a bayan shago, 'yan Arewa su taru su ci.

A shekarar 2019 'yarsa Muhsinat ta zo karatun aikin jinya. Tana yanka albasa ta tambaye shi asalin sadakar, shi kuma ya ba ta labari da alfahari. Sai ta ajiye wuƙar. Ta ce a aji an nuna musu abin da wutar makamin nan ta yi wa fatar yara 'yan makaranta a Japan, da cutar da ta bi waɗanda suka tsira har tsufansu.

"Baba, godiyar me muke yi ke nan?"

"Godiyar ke da ni," in ji shi. "Da makamin bai faɗi ba, da kakanki yana kwance a dajin Bama."

Ta ce ta ji, amma ita ba za ta ci ba. Ta wanke hannu ta koma makaranta.

Abin ya zauna masa a rai. Da aka zuba abinci, ya ba mutane labarin, yana neman wanda zai ce masa ci gaba ko bari. Gwamna, abokin aikinsa, ya ce wallahi yarinyar ta yi gaskiya, ya miƙa faranti a ƙara masa nama. Matasan kuwa sai suka hau gardamar ƙasar da ta cancanci a jefa mata na gaba, suna ta dariya.

Ɗalhatu ya ɗaga hannu zai yi addu'ar da ya gada, bakinsa ya ƙi. Ya shafa haka nan, suka ce amin.

Har yau Muhsinat takan gaishe shi da ladabi, amma in Agusta ya kama ba ta zuwa. Shi kuma yana dafawa, ba ya ci. To ku da kuka saurara, wa zai saɓa wa: uban da ke kabari, ko 'yar da ke raye?