Muryar da ke cikin tafki

A bakansin da ya wuce, lokacin hutun makaranta, 'yata ta fari ta dubi tsabar idona ta ce, "Mama, tatsuniyoyinki na jarirai ne." Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Ita da ƙannenta sun kamu da finafinan nan da ake ɗauko tsohuwar tatsuniyar Turawa a baƙanta ta, mayya ta ci yara, 'yar sarki ta fito da takobi duk jini. Tele ta ƙwace mini su.

Ai ni na jawo. Tatsuniyoyin da kakata ta yi mini a Gidimuni, wanke su nake yi tas kafin in ba su, don kada su firgita. Dodona har haƙuri yake bayarwa. Ashe su firgitar suke so!

Wata ranar Lahadi da azahar aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, suna tsakiyar kallo, suka zube a tabarma suna tsaki. Ba a tatsuniya da rana, sai an ƙulla ciyawar rufin ɗaki. Gidanmu na Birni ba ciyawa, sai na zaro tsinken tsintsiya na ƙulle shi yadda kaka take yi. Na ce, "Ga ta nan, yau ba wanki."

Na ba su labarin abin da ke kwance cikin tafki, wanda yake aron muryar uwa ya kira ɗiyarta da sunan gida. Ban rage komai ba. Na yi kiran a hankali, da muryar da nake tashinsu da ita da asuba. Yarinyar ta amsa, ruwa ya rufe, sai zanenta aka tsinta cikin kainuwa. Autana ya shige bayana. Kuran ya dawo, fanka ta fara juyawa, wallahi ba wanda ya waiwayi tele.

Babbar ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi." Na ƙyale ta.

Da la'asar ina madafa na ƙwala mata kira. Shiru. Na sake, shiru. Har na fara faɗa, sai ga ta ta leƙo ta bakin ƙofa, ta ƙare wa fuskata kallo, ta dubi ƙafafuna ko a jiƙe suke, sannan ta ce, "Na'am, Mama."

Na yi dariya har da zama a ƙasa. Tsinken nan yana cikin kwabata har yau, su suke ɗauko mini shi.